Maganar da Na Yi a Gonar Inabi

Tun da na dawo, duk wanda ya gan ni a bakin masallaci a Old Trafford sai ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, an ce ka je ƙauyen Turawa, yaya wajen?" Ni kuma in ce lafiya lau, sai sanyi, in zare hannuna in ƙara gaba. Mako uku ke nan ina wannan zille-zillen. Alhaji Sabo har gida ya biyo ni, ya shanye shayi kofi biyu, ya tashi bai samu komai ba. To, yau na gaji da kewaye-kewaye. Ga labarin nan kowa ya karanta, kuma ina gaya muku tun yanzu ba labarin da zai ƙara mini girma ba ne.

Ba yawon buɗe ido na je ba, wajen 'yata na je. Rukayya ita ce 'yata ta fari, a nan Manchester aka haife ta. Ilimin ƙasar noma ta karanta, kuma lokacin da ta zaɓe shi na ji daɗi a raina, domin mahaifina manomi ne a Kura har ya koma ga Allah. Shekara biyu da suka wuce ta samu aiki can yamma, a bakin iyakar Ingila da Wales, tana duba wa manoma ƙasa tana ba su shawara. Sai daga baya na gane cewa da yawa daga cikin manoman nan inabi suke nomawa, kuma inabin ba na ci ba ne, na giya ne. Abin da na faɗa mata ranar a falo ba zan maimaita shi ba. Daga ranar ta ɗauke ƙafa. In za ta zo ganin uwarta sai ranar da ta tabbata ina wajen aiki, kuma an yi Sallah huɗu ba ta ci tuwon gidanmu ba.

Farkon watan Oktoba sai ga saƙonta a wayata. Ta ce, "Abba, ranar Asabar za a yi girbi a wata gona da nake aiki. Ka zo sau ɗaya ka gani da idonka. In ka gani kuma har yanzu kunyata kake ji, shi ke nan, ba zan ƙara damunka ba." Na karanta na kife wayar. Ashe ta tura wa uwarta irinsa. Hajiya Binta ta same ni a kicin ta ce, "Za ka je. Kuma kada ka dawo mini da labari, ni 'yata nake so."

Ranar Alhamis na fito daga gidana a unguwar Whalley Range da jaka ɗaya da wata kula wadda Hajiya ta danƙare da dambun nama da yaji da kuka da daddawa, kai ka ce yarinyar tana gidan yari. A tashar Piccadilly na shiga jirgin Birmingham, kuma da yake ni mai son tsari ne, na zaɓi taragon da ba a surutu. Ban san murfin robar daddawar ya buɗe ba sai da muka wuce Stockport. Turawa ba sa magana a kan irin wannan, kuma wannan ne ya fi ciwo. Da a motar Kano zuwa Zariya ne da tuni wani ya ce, "Malam, kayan miyar wa ke nan?" a yi dariya a wuce. Nan kuwa wata dattijuwa ta yi mini murmushi, ta ninke jaridarta a hankali, ta koma can ƙarshen tarago. Har muka isa ina kallon taga kamar ban san mai kular ba.

A Birmingham Dokta Habu ne ya tarye ni. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana, likita ne a can shekara da shekaru, kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba. Tun daga nesa ya ɗaga hannu yana cewa, "Sannu da zuwa, Alhajin gonar giya! A shirya maka kwalba nawa na tsaraba?" Na ce ya rufa mini asiri, mutane na jinmu. Ya ce, "Su wa? Nan Birmingham ce, kowa na ta kansa yake, ba group ɗinku na waya na Old Trafford ba."

Ya kai ni unguwar Alum Rock muka ci gasasshen nama a wajen wasu 'yan Pakistan, yaji kamar su kashe mutum. Muna cikin ci ya ce da ni shi ya san hanya, ba sai mun tambaya ba, domin sau biyu yana zuwa wajen yarinyar. Na ajiye cokali. Ban san ya taɓa zuwa ba. Ya ce, "To da wa kake so ya je? Lokacin da ta kama gidan haya wa ya ɗaukar mata katifa?" Na ce masa ai maganar ba ta wasa ba ce, maganar addini ce. Ya daina dariya ya ce ya sani, shi ma abin bai kwanta masa ɗari bisa ɗari ba, amma yarinya ba ta sha, ba ta matsa, ba ta sayarwa, ƙasa take dubawa, kuma masu tuffa da dankali ma tana yi musu. Ni dai ban zo nan don in ba da fatawa ba. Malamai sun fi ni sani, kuma har yau zuciyata ba ta gama natsuwa a kan wannan ba.

Washegari bayan Juma'a muka kama hanya a motarsa. Awa ɗaya muka yi a kan babban titi, daga nan hanya ta fara tsukewa har ta koma kamar lungun cikin birni, shinge ta dama shinge ta hagu, duk sun fi mota tsawo. Muka yi kiciɓis da tarakta. Habu ya tsaya, mai tarakta ya tsaya, aka zuba wa juna ido. A ƙarshe likita guda ya ja da baya kusan rabin mil yana salati, ni ina leƙe ta taga ina ba shi umarnin da bai nema ba. Da muka samu wajen raɓewa mai taraktar ya ɗaga mana yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Habu ya ce wannan ita ce doguwar gaisuwarsu.

Na'urar nuna hanya kuma ta shigar da mu Wales ba mu nema ba. Ni da na taɓa yin yini guda a Jibiya ana zazzage mini jaka, har na fara laluben aljihu. Ashe iyakar duka allo ne guda mai yare biyu a gefen wata gada, babu soja, babu sanda a gicciye, babu ko mai sayar da ruwa. Tumaki ne kawai suka ɗago kai suka kalle mu. Cikin minti goma muka sake fitowa Ingila, Habu yana cewa in rubuta a tarihina na je ƙasa biyu a yini ɗaya.

Masaukinmu gidan wata mata ce da ke ba da hayar ɗakuna biyu a sama, da wani ƙaton kare da ya ɗauke ni abokinsa tun daga ƙofa, ni kuwa ina ta kare rigata. Abin da ya fi damuna a irin waɗannan gidaje shi ne buta, don haka na ɓoye robar ruwa a aljihun kwat kamar ɓarawo. Ina shiga banɗaki sai ga buta sabuwa, shuɗiya, a ajiye. A kan gado ga darduma a ninke, da 'yar takarda an zana kibiya an rubuta alƙibla. Matar gidan ta ce Rukayya ce ta kawo su tun ranar Talata, har da sabon kasko, ta ce a cikinsa kaɗai za a soya mana ƙwai. Na zauna a bakin gado da robata a hannu, na ji nauyi ya kama ni.

Da safe Rukayya da kanta ta zo ɗaukarmu a wata tsohuwar mota duk taɓo. Ta rame kaɗan, ta yi duhu, hijabinta cuse cikin wata jibgegiyar rigar sanyi. Ta rusuna ta ce, "Abba, ina kwana? An zo lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta rungume Habu tana cewa, "Baffa, you made it!" Ni kuma na miƙa mata kula na ce saƙon uwarta ne. Iyakar abin da na iya cewa ke nan bayan shekara biyu.

Gonar ta wata tsohuwa ce mai suna Gwen, ta haura saba'in, gajeruwa, hannunta kamar na mai faskare. Ita da mijinta suka dasa inabin a inda da suke kiwon tumaki, mijin ya rasu ya bar ta da shi. Ta dubi takalmina na zuwa ofis, ta shiga ta fito da rambut ɗin marigayin, dogon takalmin roba na shiga taɓo. Haka na shiga gona da kaftani da hula da takalmin mamaci, Habu yana ɗaukata hoto yana cewa sai ya kai Kura.

Abin da ya fara ba ni mamaki masu girbin ne. Na zaci 'yan ƙwadago zan gani, sai na tarar da tsofaffin ƙauyen, malaman makaranta masu ritaya, da mai kai wasiƙa, da wata nas, kusan mutum ashirin, kowa da almakashinsa da bokiti. Ba a biyansu, abincin rana kawai ake ba su. Na ce da Habu ai wannan gayya ce, ganga kawai babu. Ya ce in na matsu in yi musu kirari.

Rukayya ta ba ni almakashi ta sa ni a layi ɗaya da ita, tana yanka tana bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Itatuwan a jere suke a kan waya, tsayinsu bai wuce ƙirjina ba, kuma duk 'yan aure ne kamar mangwaro: saiwar daban, saman daban, saboda wani ƙwaro da ke cin saiwar na asali. Inabin layin da muke ciki sunansa Bacchus, fari ne, 'ya'yansa ƙanana, in ka murza yana ƙamshi kamar fure. Ta ce shi ne ya fi son wannan yanayi, amma in rana ta yi masa yawa ƙamshin ya gudu. Na ce ashe akwai abin da rana ke yi wa yawa a ƙasar nan. Ta kusa yin dariya.

Can ƙasa akwai Seyval, wanda ta kira jakin gona, ba ya ciwo, ba ya shagwaɓa, ga yawan 'ya'ya, amma na ɗanɗana ɗaya sai da idona ya yi ruwa don tsami. Solaris an riga an girbe shi tun watan jiya, domin shi ke rigan kowa nuna, zaƙinsa kuma ke tara rina. Ragowar rinar ce ta samu Habu a wuya, likita ya yi ta tsalle yana neman magani a wajen nas mai ritaya. Akwai baƙi guda biyu. Rondo, wanda ruwansa ke rina hannu kamar zobo, da Pinot Noir da aka ba shi can saman tudu inda rana ta fi daɗewa. Shi wannan fatarsa siririya ce, ruwan sama kaɗan sai ya ruɓe, sanyi kaɗan sai ya yi fushi, amma shi kowa ke so ya ce yana da shi. Duk cikinsu babu mai girman inabin da muke saya a kanti ko wanda ake nomawa a Kudan. Ƙanana ne, cike da ƙwallo, kuma a irin wannan sanyi kullum tsere ake tsakanin nunarsu da shigowar hunturu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Rukayya ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni gindin gangaren inda aka haƙa rami, zurfinsa ya kai ƙuguna, an share bangonsa tas. Ƙasar ja ce wur, har ta tuna mini jangargarin wajen Zariya. Ta dira ciki da wuƙa a hannu tana nuna mini hawa-hawa: sama mai laushi, ƙasa da shi yumɓu, can ƙasa jan dutse mai rugurgujewa wanda shi ya haifi sauran. Ta ce a kudancin Ingila farar ƙasa ce kamar alli, ruwa na wucewa salin-alin, shi ya sa inabinsu bai san wahala ba. Nan kuwa yumɓu na riƙe ruwa, inabi kuma ba abin da ya tsana kamar saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Ƙasa mai taki da yawa ma ba ta yi masa, sai ya yi ta ganye ya manta da 'ya'ya.

Sai ta caka wuƙar a wani layi mai tauri, kamar kamu biyu daga sama. "Abba, ka ga wannan? Shi ne ya kusa kashe gonar. Shekaru ana bi da tarakta lokacin da ƙasa ke jiƙe, ta danne ta zama kamar daɓe. Ruwa ba ya wucewa, saiwa ba ta wucewa. Kowa ya ce ciwo ne, aka yi ta feshi. Na ce a fasa shi, a sa bututu." Ta nuna mini kuma wata kafa da ta sa aka sare a shingen da ke gindin gangaren. Ta ce sanyin ƙarshen hunturu da ke ƙone toho gangarowa yake kamar ruwa, in ya tarar da shinge sai ya taru ya kwanta a kan itatuwa, in ya samu ƙofa sai ya wuce.

Ni injiniyan ruwa ne, shekara talatin ina binne bututu a ƙasar Turawa. Na san aiki mai kyau in na gan shi, kuma wannan aiki ne mai kyau. Ina tsaye ta ɗebi ƙasa kaɗan, ta tofa mata yawu, ta murza tsakanin yatsu tana saurare da hannu. Haka mahaifina yake yi a fadamar Kura, sak, har karkatar da kan. Ba ta taɓa ganinsa ba, ya rasu tana da wata bakwai. Ta ɗago tana jira in ce wani abu, sai na ce, "To. Fito kada ki ɓata kayanki."

Da azahar muka yi salla a bayan motarta, sannan aka kira cin abinci a wata tsohuwar rumfar tumaki, dogon tebur guda. Gwen ta ware mana gefe ɗaya da ruwan tuffa da miyar kayan lambu da burodi da cuku, kwalaben giya kuma suna can ɗaya gefen. Duk da haka zaman bai yi mini daɗi ba, ban taɓa zama tebur ɗaya da kwalba ba a rayuwata. Kusa da mu akwai wani maƙwabcinta, Philip, wanda ya bar aikin ofis a London ya sayi gona ya cika ta da Pinot Noir da Chardonnay don ya ga haka ake yi a kudu. A bana sanyi ya ƙone masa fiye da rabi. Tun da muka zauna yake ta cewa sa'a ce kawai Gwen ta yi, ba wata kafar shinge ba.

Ana cikin ci Gwen ta miƙe ta buga cokali a jikin kofi, wuri ya yi tsit. Ta ce shekara biyu da suka wuce ta yanke shawarar tuge itatuwan nan ta sayar da gonar, domin ta gaji da kallon abin da mijinta ya dasa yana mutuwa. Ta ce sai ga wata yarinya daga Manchester da shebur, ta yi kwana uku tana haƙa ramuka cikin ruwan sama, ta gaya mata abin da manyan masana biyu ba su gani ba. Ta ce wannan girbi na Rukayya ne. Aka yi tafi. Sannan ta juyo gare ni ta ce yau mahaifinta ya zo tun daga Manchester, tana so ya faɗa musu wani abu a kan 'yarsa, domin ta san dole yana alfahari da ita.

Sai na tsaya in yi wa yaranmu na nan bayani, don manya sun sani. A wajenmu uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, balle ɗan fari. Ko sunansa ba ya kamawa. Ni kaina "Yayarsu" nake ce mata tun tana ƙarama, kamar yadda ƙannenta ke kiranta. In ka kai ɗanka wajen malami ko maigida aka yabe shi, abin da za ka ce sananne ne, kuma amsar da za a ba ka sananniya ce. Za a ce, "Haba Alhaji, ai yaron kirki ne, ɗanmu ne," kowa ya fahimci kowa.

Na miƙe, na gyara hula, na faɗa musu da Turancina mai kyau, wanda ba a taɓa kushe shi ba. Na ce na gode da suka riƙe ta. Na ce yarinya ce, ba ta san komai ba tukuna. Na ce su ci gaba da haƙuri da ita, in ta yi kuskure su tsawata mata, domin ko a gida ba ta cika jin magana ba. Na zauna ina jiran a ce haba Alhaji.

Nas ɗin nan ta sunkuyar da kai tana kallon farantinta. Gwen ta tsaya da kofi a hannu, bakinta a ɗan buɗe. Sai Philip ya yi wata 'yar dariya ya ce, "To, kun dai ji daga bakin uban." Habu ya taka mini ƙafa har sai da na ji ta cikin rambut, ya miƙe yana ƙoƙarin bayyana musu cewa al'ada ce, a wajenmu kushe yabo ne, yana yi yana ƙara dagula abin. Rukayya ba ta kalle ni ba. Ta tashi ta fara tattara farantan mutane, ɗaya bayan ɗaya, har da na Philip, ta fita da su.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce al'ada ce ta yi mini ƙafa, ku yi dariya, ni ma in yi. Amma na yi alkawarin gaskiya. Lokacin da na miƙe, na ga wata mata a ƙarshen tebur ta ɗaga waya tana ɗauka. Na ga kwalaben da za su fito a gabana cikin hoton. A cikin daƙiƙa guda na hango bidiyon yana yawo daga waya zuwa waya har Old Trafford, ga Injiniya da hularsa a tsakiyar kwalabe yana yabon aikin giya. Yabon yana bakina, wallahi yana bakina, tun daga bakin ramin nan yake. Na haɗiye shi na ɗauko alkunya na fake a bayanta, domin na san ba wanda zai zarge ni da ita. Ba kunyar 'yar fari na ji ba. Tsoronku na ji.

Da aka koma gona Gwen ta same ni ni kaɗai a layin Rondo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ita ba ta san al'adarmu ba, kuma ba za ta koya wa mutum yadda zai yi da 'yarsa ba. "Amma ramin nan da ka gani," in ji ta, "ba na aiki ba ne. An gama aikin wajen tun bara. Ranar Litinin 'yarka ta haƙa shi da hannunta, ta yi ta share shi kullum, don kai." Ta karɓi bokitina ta juye a akwati ta wuce. Sauran yinin na yi ta yanka ban san me nake yankawa ba, hannuna jajir.

Ranar Lahadi da safe Rukayya ta zo masauki ta dawo da kular uwarta, a wanke. Habu ya ce zai je ya duba iskar taya, tayar da ba abin da ya same ta. Muka tsaya ni da ita a bakin mota, karen nan yana kewaya mu. Na fara yi mata bayanin alkunya, yadda ake yi a gida, yadda mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya rasu. Ta bar ni na kai ƙarshe.

Ta ce, "Abba, na san alkunya. Mama ta yi mini bayani tun ina primary, lokacin da nake kuka don ba ka zuwa prize day, ranar raba kyaututtuka. Na sani. Kuma ta ce Kaka bai taɓa yabonka a gabanka ba, amma in ka juya baya, duk kasuwar Kura sai ta ji ɗansa injiniya ne a Ingila." Ta dube ni. "Ni ban damu da abin da ka faɗa a gabana ba. In na juya baya, me kake ce wa mutane ina yi?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tsakuwa. Ta jira, ta jira, har ta gane amsar daga shirun. Sai ta durƙusa har ƙasa a kan tsakuwar nan mai sanyi, yadda aka koya mata, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Abba. A gaida Mama." Ta shiga motarta ta tafi. Daga nan har Birmingham Habu bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara.

Na iso Whalley Range da la'asar. Hajiya ta buɗe ƙofa, ta dubi bayana ta ga ba kowa, ta dubi kular, ta karɓa ta shige ciki ba ta tambaye ni komai ba.

Ku kuwa kun san amsar da na kasa ba ta, domin ku na faɗa wa. Shekara biyu duk wanda ya tambaye ni ina yarinyar, sai in ce tana aiki da council, wato ƙaramar hukuma, a Birmingham. Alhaji Sabo, har addu'a ka yi mata Allah ya ƙara girma a ofis, na ce amin. Ƙarya nake yi. 'Yata ba ta taɓa aiki da council ba. Ƙasa take dubawa a gonakin inabi da na tuffa a bakin iyakar Wales, kuma yawancin inabin nan giya ake yi da shi. Mai ganin laifi a ciki ya zo ya same ni mu yi magana, ni ma ban gama da tambayar ba. Amma na shiga gonar, na tsaya a bakin raminta, kuma a shekara talatin na aikina ban ga wanda ya fi ta sanin ƙasa ba.

Na tura mata wannan rubutu kafin in tura wa kowa. Wayar ta nuna ta karanta tun shekaranjiya da hantsi. Ba ta ce komai ba tukuna, kuma ba ni da bakin da zan ce ta yi sauri.